Garantin da Ya Girme Ni: Abin da Na Gani a Teburin Ɗurin Harsashi a Amurka

Maƙwabcina a nan jihar Minnesota wani dattijon Bature ne da ya haura shekara 75, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda kunnensa ya yi nauyi saboda daɗewar da ya yi yana harbi tun zamanin da maharba ba su damu da toshe kunne ba. A hunturun bara, ana gab da buɗe farautar barewa ta watan Nuwamba, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya roƙe ni in buga wa wani kamfani waya a madadinsa, tunda shi ba ya jin magana sosai ta waya, matarsa da ta saba yi masa wannan hidima kuwa ta rasu. Abin da ya karye masa wani ɗan mitsitsin sifirin ne lanƙwasasshe, amma in babu shi injinsa na ɗurin harsashi ba ya riƙe kwanso yadda ya kamata. Na bi shi muka sauka ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa domin in ga abin da idona kafin in yi magana a kansa.

Sai na yi muku ɗan bayani tukuna, domin ba mu da irin wannan a gida. Harsashin bindigar zamani abu huɗu ne aka haɗa: kwanso na tagulla, da 'yar hula a gindinsa wadda ke ƙyasta wuta, da albarushi, da kan harsashin da ke fita. In an yi harbi uku sun tafi, kwanso ya rage, shi ne kuma ya fi sauran tsada. Saboda haka maharba da yawa a Amurka ba sa zubar da shi. Sukan tsince shi, su wanke, su mayar da shi daidai girmansa na asali, su sake ɗura shi a gida, kuma dokar tarayya ba ta neman lasisi daga mai yin haka don amfanin kansa, sai daga mai sayarwa. Injin da ake aikin da shi ba ya cin wuta, ba ya cin fetur. Dunƙulen ƙarfen zubi ne mai nauyi da ake ɗaurewa a bakin tebur da manyan notuna, in an danna dogon hannunsa sai wata sandar ƙarfe ta tura kwanso sama cikin wani bututu mai tiredi irin na noti da aka murɗa a kan injin, bututun ya matse shi. Na dattijon kore ne, ƙirar kamfanin RCBS, samfurin Rock Chucker da aka fara fitarwa a 1967. Ya nuna mini lamba 74 da aka buga a samansa, ya ce shekarar da aka ƙera shi ke nan, wato dai injin ya girme ni.

Da na ji haka sai na yi irin shirin da duk ɗan gida zai yi. Na tambaye shi rasit, ya ce ai ba shi ya saya sabo ba, a hannun wani abokin aikinsa ya karɓa, abokin ma ya daɗe da mutuwa. Na tambaye shi takardar garanti, ya yi dariya. A raina har na tsara yadda zan fara da lallashi, in bi da ƙorafi, in ƙare da neman a haɗa ni da manaja, ga katin bankinsa a hannuna ko da za a ce sai mun biya. Matar da ta ɗauki wayar ba ta bari na kai ko ga lallashin ba. Ta saurari lafazina na baƙo ba tare da ƙosawa ba, ta tambaye ni siffar injin da inda sifirin ɗin yake zama, ta ce ta gane shi, sannan ta nemi adireshi. Na tambayi kuɗinsa, ta ce babu ko sisi. Na ɗauka kunnena ne, na sake gaya mata cewa injin ya kai shekara 50, mai shi ba shi ne ya fara saye ba, kuma ba mu da wata takarda. Ni da bakina nake tona abin da a gida mutum zai rantse ya ɓoye. Ta ce ba kome, ai sunansu ne a jikin injin.

Kafin mako ya zagayo ambulan ya iso, da sifirin biyu a ciki maimakon ɗaya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne dattijon ko a jikinsa. Ya yage ambulan ɗin, ya maƙala sifirin da ɗan yatsa, ya danna hannun injin ya ji yadda yake tafiya, ya jefa na biyun cikin wani tsohon gwangwanin kofi, ya ci gaba da aikinsa, domin a ganinsa haƙƙinsa aka ba shi. Ni kuwa na kasa barin maganar. Na ba matata labari, na ba abokan aikina, har wani a cikinsu ya ce mini kamfanin Dillon na jihar Arizona ma da haka ya yi suna, garantinsa injin yake bi ko a hannun wa ya faɗa.

Abin ya tsaya mini a rai ne saboda a shekarar nan ɗin na aika wa ƙanena kuɗi ya sayi injin ban-ruwa domin noman rani a fadamarmu. Sabo fil a kwali aka ba shi, da takarda mai tambari da ke cewa garantin wata 6. Bai rufa wata ɗaya ba ya fara zubar da mai ya ƙi jan ruwa, tumatir yana tsaka da fure. Da ya mayar da shi, mai shagon ya ce ai a gabansa aka tayar ya ji ƙararsa kafin ya biya, ya nuna masa ƙasan rasit inda aka rubuta cewa kayan da ya fita ba ya dawowa, ya ƙara da cewa wataƙila gurɓataccen mai ya zuba masa. Da ƙanena ya ɗaga murya maƙwabtan shagon suka taru, babu wanda ya dubi injin, kowa haƙuri yake ba shi, wani dattijo a cikinsu yana cewa, "Haba ɗana, kayan ƙarfe ai sa'a ne, ka bar wa Allah." Aka rabu a kan ya kai wa makaniki da kuɗinsa, makanikin kuma ya buɗe ya ce irin wannan roba ba ta zuwa daban, sai dai a nemi wani mataccen inji a cire.

Mun mayar da ciniki caca, sannan muka lulluɓe shi da sunan ƙaddara, alhali ba rashin sani ba ne kuma ba rashin doka ba ne. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure har ya kai babin ciniki a Risala ya ji cewa algus da yaudara da ɓoye aibin kaya ba su halatta ba, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da aibi yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ita ma ta ba mutum ikon mayar da kayan da ya zo da illa. Amma a kasuwa wanda ya nemi haƙƙinsa shi ake kira mai tsanani, marar kawaici. Matar da ta ɗauki wayata ba ta karanta Risala ba, amma a ranar nan ita ce ta yi aiki da abin da ke cikinta.

Ba na cewa tsoron Allah ne ya sa kamfanin yin haka, lissafi ne. Sifirin ɗin da kuɗin aikensa ba su kai kuɗin kofin shayi a nan ba, amma dattijon tun da injin ya shigo hannunsa bai taɓa sayen kayan wani kamfani ba muddin koren yana da irinsa, jikansa da yake koya wa aikin shi ma kore zai saya, ni ma ga shi ina yi musu talla kyauta har cikin Hausa. Ɗan kasuwarmu kuwa ribar yau yake ci ya rufe ƙofar gobe. Sai dai a yi masa adalci, shi ma dillali ne kawai: ya sari injin daga wanda ya saro daga wanda ya shigo da kwantena, sunan da ke jikin kwalin kuma ba na kowa ba ne, bana wannan, baɗi wancan. Babu lambar da za a kira, domin babu wanda ya yarda a ce shi ya ƙera.

Shi kansa teburin abin kallo ne. Dattijon ne ya haɗa shi da wata tsohuwar ƙofar katako mai kauri, ya ɗaure bayanta a bango da notuna, domin in tebur yana motsi lokacin da ake danna hannun inji aikin ba ya fita daidai, ya kuma shimfiɗa farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin don kada katakon ya tsage. A hagu akwai katakai masu ramuka a jere, kowane rami kwanso ɗaya ke tsayawa a ciki bakinsa sama, yadda zai haska tocila ya leƙa su ɗaya bayan ɗaya. Sikelin yana kan wata 'yar kanta daban daidai idonsa, wadda ba ta taɓa teburin ba saboda girgiza. Albarushi yana cikin akwatin katako a can kusurwa nesa da injin ɗumama gida, hulunan kuma a wani wurin, ƙa'idarsa ita ce gwangwanin albarushi ɗaya tak ke hawa tebur a lokaci guda, kuma babu rediyo, babu sigari, babu hira. Ranar da na jefa masa tambaya yana tsakiyar awo ya ɗaga mini hannu bai ko ɗago kai ba, sai da ya gama layin sannan ya ce, "To, yanzu faɗi." Abin ya yi mini zafi, domin a wurinmu ba a ɗaga wa baƙo hannu, amma daga baya na ga haka ya yi wa faston cocinsu da ya leƙo wata rana.

A bayansa akwai doguwar kanta da ya jera tsofaffin injunan da ya tara, in kuwa ya fara ba da tarihinsu gara ka nemi kujera. Mafi tsufa a ciki ba ya ma hawa tebur, a hannu ake riƙe shi kamar awartaki, ƙirar kamfanin Ideal da John Barlow ya kafa a 1884, wanda kamfanin Lyman na jihar Connecticut ya saye a 1925. Akwai wani ɗan kwali na Richard Lee, wanda ya fara yin irinsa a 1958 a jihar Wisconsin, da guduma ake aiki da shi, don wanda ba shi da kuɗin inji. Shi ma koren asalinsa rashi ne: a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, harsashi ya yi wa farar hula wuya, sai Fred Huntington ya fara ƙera kayan matsa kan harsashi a bayan shagon wanki na mahaifinsa a garin Oroville na Kalifoniya. Daga nan kamfanin ya taso, ya faɗa hannun masu shi daban-daban, amma har yau yana amsa waya a kan injin 1974.

Abin da ya hana tsofaffin injunan nan zama kayan ado kawai shi ne tiredi. Kamfanin Pacific ya fara da wani ma'auni na bututun da ake murɗawa a kan inji, kaurinsa kashi 7 cikin 8 na inci, tiredi 14 a kowane inci, sauran suka bi shi a hankali, saboda haka bututun da Lee ko Hornady ko Redding suka ƙera bana zai shiga injin dattijon ya zauna daram. Wanda ya ƙi bin jama'a kuwa, ga shi can a ƙarshen kantar: wani ƙaton inji na kamfanin Herter's na garin Waseca a nan Minnesota, mai nauyin da sai da hannu biyu na ɗaga shi. Kamfanin ya yi tashe wajen sayar da kayan farauta da na kamun kifi ta gidan waya, da kundin talla mai cika baki wanda kome a cikinsa shi ne ya fi na duniya duka, sannan ya karye a 1981. Ƙarfen injin ko gezau bai yi ba, amma mazaunin kwansonsa nasa ne shi kaɗai, bai dace da na kowa ba, don haka mai shi sai ya nemi wani ɗan ƙarfen haɗi ko ya yi ta cigiya a wuraren gwanjo. Garantin har abada ma ransa a hannun kamfani yake, in kamfani ya mutu sai ya bi shi.

A nan na tuna da mutanenmu na Panteka a Kaduna da maƙeran garuruwanmu, raina ya ɓaci, domin ba basira aka fi mu ba. Na ga maƙeri ya dubi karyayyen ƙarfen injin niƙa sau ɗaya, ya juya shi a hannu, ya fitar da irinsa daga tsohon sifirin ɗin mota kafin la'asar. Da za a kai shi ɗakin dattijon nan, yini ɗaya ya ishe shi ya gane kome. Amma abin da ya ƙera shi kaɗai ya san awonsa, ba ya rubutawa, ba ya buga sunansa a jiki, notinsa ba ya shiga na maƙwabcinsa, ranar da ya kwanta dama kuma ilmin ya bi shi, ɗansa ya tafi acaɓa. Mu masu saye kuma mu ne muke raina aikinsa mu ce ƙirar gida ce, mu je mu sayi mai kwali mai sheƙi wanda zai mutu kafin tumatir ya nuna.

Maganar awo ita ce ta fi taɓa ni, don na fito daga gidan farauta. A nan da giren ake auna albarushi, giram ɗaya ya ɗan haura giren 15, sikelin dattijon kuma yana rarrabe kashi 1 cikin 10 na giren. Ba ya zuba kome da ka. Akwai manyan littattafai da kamfanonin ke bugawa bayan sun gwada kowane haɗi a ɗakin gwaji, na Lyman ma ya haura bugu na 50, suna nuna inda ake farawa da iyakar da ba a ƙetarewa. Ban da su yana da nasa littafin da yake rubuta kwanan wata, da abin da ya haɗa, da sau nawa aka ɗura kowane rukunin kwanso, kowane akwati da ya gama kuma yana da takarda manne. In ya sami harsashin da ba shi da takarda, ko na amininsa ne, ba ya harba shi, kwance shi yake yi.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, maharbi ne da ya yi suna a yankinmu, da bindigar toka ya yi farautarsa duka. A tafin hannu yake auna albarushi, in an yi masa magana ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ya san ta kuwa shekara da shekaru, har ranar da bututun ya fashe ya tafi masa da yatsu biyu, wasu suka ce tsautsayi, wasu suka ce sammu, babu wanda ya tambayi da wane ƙarfe aka yi bututun ko kuwa albarushin ranar ya fi na kullum ƙarfi. Duk garin da ke da mafarauta kun san akwai mai irin hannun nan. Duk da haka, ranar da dattijon ya kai ni filin gwajin harbi na shaƙi hayaƙin wasu masu tsofaffin bindigogin da ake ɗurawa ta baki, ba yatsun kawu na tuna ba, hawan sallah na tuna, da 'yan bindigar sarki, da yadda ƙasa ke girgiza dawakai suna zabura, mu yara muna toshe kunne muna ƙara matsawa kusa.

In tsoho ya mutu a nan, 'ya'yansa kan buɗe gidan a yi gwanjon kayansa, kome da farashinsa manne a jiki, tun daga cokali har teburin ɗurin harsashi. Ganin baƙi suna juya kayan mamaci a ɗakin kwanansa abu ne da har yau ban saba da shi ba. Amma injin ba ya bin mai shi kabari. Wani zai saye shi, ya jiƙa shi a mai, ya kankare tsatsa, ya nemo fenti daidai launin asali, ya shafa giris ya ɗaure shi a nasa teburin. Da tsohuwar zuma ake magani, mu muke faɗa, su suke aikatawa. Mu kuwa da an gama sadakar arba'in sai a kira 'yan jari-bola su ɗora keken ɗinkin tsoho da uwar maƙerarsa a sikeli, a sayar a kilo, a raba kuɗin da ba zai sayi buhun masara ba.

Kada wani ya ɗauka yabon Amurka na zo yi. Dattijon ya taɓa aikena wani babban kantin kayan farauta in karɓo masa huluna, da irin da yake so a rubuce a takarda. Turawan da ke gabana suka faɗi abin da suke so aka miƙa musu ana raha. Da aka zo kaina, saurayin da ke bayan kanta ya dubi takardar, ya dube ni, ya dubi gemuna, ya tambaye ni me zan yi da su, kuma na wace bindiga ne. Ya nemi katin shaida, ya juya shi gaba da baya, ya karanta sunana a hankali da ƙarfi yadda na baya za su ji, sannan ya kira wani babba suka tsaya suna ƙus-ƙus suna satar kallona. A ƙarshe aka ce mini sun ƙare, alhali ina hango kwalayen a bayansa. Ban yi musu ba, domin baƙar fata mai suna irin nawa ba ya ɗaga murya a kantin bindigogi. Da na gaya wa dattijon fuskarsa ta yi jajir, ya ɗauki rigar sanyinsa ya ce mu koma tare, aka fito masa da su nan take, har da tambayarsa ko ya sami barewa bara. A ƙasa ɗaya, a kan kaya iri ɗaya, matar kamfanin da ba ta ga fuskata ba ta yarda da maganata babu takarda, wanda ya ga fuskata kuwa takardar ma ba ta ishe shi ba.

Akwai kuma ƙaryar da masu wannan aiki suke yi wa kansu da matansu, wai don tsimi suke yi, alhali dattijon da bakinsa ya ce bai taɓa rage ko dala ɗaya ba, harbin ne kawai ya ƙaru. In ka yi odar albarushi ko huluna ta intanet sai ka biya wani kuɗi na jigilar kaya masu haɗari a kan kuɗin aike. A 2020 da 2021 kuwa kayan suka ɓace daga kantuna, farashi ya ninka, masu hali suka kwashe suka ɓoye suna sayarwa da tsada. Ɓoye kayan nan da muke zagin 'yan kasuwarmu a kansa gab da azumi, su ma gwanaye ne a kai.

Babban abin da ke hana ni sakin jiki shi ne abin da ake ɗurawar ba gyaɗa ba ce. Alƙaluman hukumar kula da cututtuka ta Amurka sun nuna cewa mutum fiye da 48,000 ne suka mutu ta hanyar bindiga a ƙasar a 2021, fiye da rabinsu kuma su suka kashe kansu. 'Ya'yana a makaranta ana koya musu yadda za su kulle ƙofa su kashe fitila su ɓuya in mai bindiga ya shigo. Dattijon yakan ce ba irinsu masu sikeli da littafi ke wannan ɓarna ba, kuma a kan shi kansa na yarda. Amma ni da ƙauyukan dangina suka tashi saboda 'yan bindiga, ni da aka taɓa bugo wa waya da tsakar dare a ce a haɗa kuɗin fansa, ba zan dubi akwatin harsashi cike in ga abin sha'awa kawai ba. Mun sha yin wannan gardama da shi bayan ya rufe gwangwanin albarushi, har yau ba wanda ya ja wani.

Sai kuma ku da tun da na fara ba da labarin nan a waya kuke aiko mini da saƙo in sako muku irin injin a kaya, wai don 'yan sa-kai ko don tsaron gona. Amsata a'a ce, kuma kada a turo mini manya su roƙa. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana ƙera harsashi ko haɗa shi sai a inda gwamnati ta ba izini, lasisin bindigar toka ma a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha yake. Amurka ita ma ba ta barin a fitar da kwanso ko huluna daga ƙasarta ba da izini ba, kuma harsashi ɗaya da aka manta a aljihun jaka ya isa ya jawo wa matafiyi tsarewa a filayen jirgin sama na ƙasashe da yawa, shi ya sa jakar da nake shiga ɗakin dattijon da ita ba ita nake tahowa gida da ita ba. Abin da zan zo da shi in Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara shi ne ma'aunin kaurin ƙarfe da saitin yanka tiredi na milimita, kuma na maƙerin unguwarmu ne. Mun riga mun yi magana da shi, ya ce in haɗo masa da gilashin kare ido.